Ranar da Fada Dogo Ya Tuɓe Takalmi

Ku da kuka taso kuka tarar da inji a bayan jirgi, kuna cewa fito ba aiki ba ne. A ja igiya, inji ya yi ƙara, a zauna. To, ku saurara. Ni na yi fito a kogin Hadejia tun Turawa na mulki, da gwangwala da ƙarfin kafaɗa. Mutumin da na fi daɗewa ina ɗauka kuwa ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne. Limamin Kiristoci ne, Bature, irin waɗanda ba sa aure. Mutanensa suna ce masa Fada. Mu muka ƙara masa Dogo, don in ya miƙe a cikin jirgi sai ka ce giginya.

Aikin farko da Kawu Garba ya ba ni shi ne kwarfe ruwa. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ke riƙe da mashigin da ke kudu da gari. Damina ta zo ta wuce ina tsugune a tsakiyar jirgi da ɓarin ƙwarya, bai bar ni na taɓa gwangwala ba. Jirgin nan itacen maɗaci ne guda aka fafe, ya girme ni. In ya tsage mu cusa tsumma, mu shafe da kitse. Ranar da Kawu ya miƙo mini gwangwala, abu ɗaya ya faɗa.

"In ta kafe a laka, sake ta. Ana sayen wata."

Ban saki ba. Jirgi ya tafi ya bar ni rataye a tsakiyar ruwa, mata masu tallan nono suna ta dariya. Kawu bai juyo ba sai da ya sauke su.

Haka na koya. Inda ruwa ya yi luf kamar an zuba masa mai, akwai rami, ka ajiye gwangwala ka ɗauki filafili. Inda ciyawa ta kwanta gefe guda, nan ruwa ke gudu. Na ƙetarar da Fulani da 'yan maruƙa. Na ƙetarar da buhunan shinkafa daga wajen Auyo. Na ƙetarar da gawa, na ƙetarar da mai naƙuda. Kowanne da yadda ake zaunar da shi.

A lokacin babu Kirista a cikin birni. Suna tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ma'aikatan dogo da kafintoci da malaman kanti masu awon gyaɗa, yawancinsu mutanen kudu. Wasu kuma sun bazu cikin fadama, suna sayen fata da banda. Fada daga Kano yake zuwa a jirgin ƙasa. Ba shi da coci a nan, rumfar kwano ce a bayan tasha. An yarda ya duba mutanensa, ba a yarda ya yi wa Musulmi wa'azi ba. In aka kai ƙara cewa ya taɓa addinin wani, ko ya raina mai sarauta, zuwansa ya ƙare. Ya san haka. Ni ma na sani.

Kawu ne ya ƙi ɗaukarsa. Ya ce ya tsufa da surutun mutane, ni in ɗauka. Surutun kuwa an yi shi. In na dawo mashigi sai ka ji, "Sale, an zuba maka ruwan coci a ka, ko da saura?"

Nakan ce, "Jiya na ƙetarar da jaki. Kun ji na yi kukansa?"

Kayan aikinsa akwati ne guda, na katako, mai nauyi. Ni nake ɗora shi a tsakiyar jirgi, in rufe da tabarma. Ban taɓa sa hannu a ciki ba, amma na ga abin da ke fitowa: fararen ƙyallaye, kyandir, ƙaramin kofi mai ƙyalli, 'yar ƙararrawa, da wani dutse mai faɗi da yake shimfiɗa ƙyalle a kai. In ruwa ya taɓa akwatin nan, tafiyar ta tashi a banza. Don haka kullum idona ɗaya na kan ruwa, ɗaya na kan akwati.

Ku da kuke ganin limaman coci na yanzu a mota, kuna cewa su ma aikinsu zama ne. Na ga nasa. Ranar da zai yi sallarsu ba ya cin komai, ko ruwa ba ya kurɓa tun tsakar dare sai ya idar. Wani lokaci ba ma isa sai rana ta take. Yana zaune a kan ruwa, leɓensa ya tsage, bai taɓa ɗiba ba. In mun isa, kafin salla sai a kafa zana, ya zauna a baya, mutane su bi layi suna raɗa masa laifinsu ɗaya bayan ɗaya. Bayan salla a kawo jarirai ya zuba musu ruwa a ka. Bayan jarirai a kawo miji da mata da suka daina magana. Duk wannan saboda gida uku ko huɗu. Sai mu kama hanyar wani tsibirin. Sauro ya ci shi har fatarsa ta koma kamar ta kada. Zazzaɓi ya kayar da shi a jirgina ba sau ɗaya ba.

Bai taɓa yi mini maganar addini ba. In azahar ta yi, shi ke nuna mini rana da yatsa, in nemi tudu in yi salla, shi ya buɗe baƙin littafinsa.

Hausarsa ba ta da kyau, amma yana son gaisuwa. Kowa ya gani sai ya gaishe shi, masunci, makiyayi, tsohuwa mai wanki. Yakan yi barka da asuba da la'asar sakaliya. Mutane su yi dariya su amsa. Gaisuwar nan ita ta buɗe masa fadama.

Sai dai akwai ranakun da ba ya magana sam. Ran da na fara gani na zaci na yi masa laifi. Malam Istifanus ne ya gaya mini, wato mutumin da ke raka shi yana yi masa tafinta. Ya ce in za a je wurin wanda ke bakin mutuwa, Fada yakan rataya wata 'yar jaka a wuya, a ƙarƙashin riga. A ciki akwai abin da suke ba mutum ya ci kafin ya cika. A wurinsu babu abin da ya kai shi girma. Muddin yana ɗauke da shi ba ya magana da kowa a hanya, sai ya kai. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Ba addinina ba ne. Abin da na riƙe shi ne, ranar da na ga hannunsa na dama a kan ƙirji, babu hira. Istifanus ke gaishe da mutane, ya ba su haƙuri.

Yanzu mugunyar shekara. Ruwa ya zo da wuri, ya zo da yawa. Ya ci gero a tsaye. Shinkafa ta nutse tun ba ta fitar da kai ba. Rumbuna suka jiƙe suka zube. Bayan ruwa sai zazzaɓi. Abin da ya rage wa mutanen fadama shi ne kifi. Kun san al'ada: in ruwa ya fara ja, kifin da ya bazu cikin fadama yakan nemi komawa kogi, sai kowane ƙauye ya datse bakin ƙoramarsa da zana da turaku, ya tsare shi. A shekara mai kyau wannan kifin miya ne. A waccan shekara shi ne tuwon. Ba mai taɓa shingen sai da izinin Bulama, Bulama kuwa ba a roƙonsa sai an zauna an gaisa.

Akwai wani mutumin kudu a Tsibirin Goriba, can wajen Auyo, mai sayen banda. Muna ce masa Mika'ilu. Ya daɗe a nan da matarsa Rosa, har yana jin Hausa kamar mu. In na kai masa kaya ba ya barina in juyo sai na ci abinci. Shi ne zazzaɓin ya kama. Rosa ta aiko da saƙo ta bakin wani falke cewa ya daina ci, ya daina gane mutane sosai, ba abin da yake kira sai Fada.

An yi sa'a Fada na tasha. Da hantsi sai ga shi a mashigi a kan keke, akwatin ɗaure a baya, hannu ɗaya a kan kan keken, ɗaya a ƙirji. Shi kaɗai. Mai shayin bakin mashigi ya ce Istifanus ma yana kwance. Nan take na hango matsala, don na san hanya.

Hanya biyu ce. In muka bi babban kogi, ruwa muke tunkara, ga shi da ƙarfi, ba za mu isa ba sai gobe. In muka shiga ta ƙoramar ƙauyen Bulama Gambo muka ratsa fadama, kafin azahar mun isa. Amma ƙoramar a datse take. Na gaya wa Fada haka. Ya dube ni, ya nuna wajen ƙorama da haɓa.

Na tuƙa. Ban taɓa jin tafiya mai shiru irin wannan ba. Muka wuce gonaki, kan dawa kaɗai ke leƙowa daga ruwa. Muka wuce masunta, suka ɗaga hannu, suka yi masa barka da asuba don tsokana. Bai amsa ba. Na ga sun bi mu da kallo. Ina tuƙi ina shirya abin da zan faɗa wa Bulama, ina rushewa.

Muka tarar da shi a gindin kanya a bakin shingen, a kan buzu, da mazan garin kewaye da shi. Gadi suke yi, kowa da mashi a hannu. Duk sun rame. Na ɗaure jirgi, na fita, na durƙusa na yi gaisuwa yadda ta kamata. Ya amsa. Sai ya leƙa bayana.

"A'a, Dogo ne? Sannu da zuwa, Bature. Yau wace gaisuwa ka kawo mana, ta dare?"

Mutane suka ɗan murmusa. Fada ya sunkuyar da kai. Bai ce komai ba.

"Barka da hantsi, Bature."

Shiru.

Bulama ya gyara zama. Murmushin ya tafi. Ya sake gaishe shi, a hankali, yadda kowa zai ji. Shiru. Na ji wani a baya ya ce, "Bara da muke da hatsi ya san sunanmu."

A nan na yi wauta. Tsoro ne ya sa. Na tuna yadda nake gani a cikin gari, in talaka ya faɗi gaisuwa gaban mai sarauta, ba shi ke amsawa ba, na gefensa ne. Sai kawai na ji bakina ya ɗaga murya ya ce, "An gaishe ka, Bulama!"

Da na yi shiru da ya fi.

Bulama ya juyo da kansa gare ni. "Kai, ɗan gidan Garba. Yaushe aka naɗa shi? Wa ya ɗaura masa rawani har ya samu mai amsa masa gaisuwa? Kai ne dogarin? Ina jar rigar?"

"Ranka ya daɗe, tuba nake."

"Ko Baturen mulki da ya zo nan, da bakinsa ya amsa mini. Me kuka zo yi?"

Na gaya masa. Mika'ilu mai banda, ya san shi. Yana bakin mutuwa, yana kiran limaminsa. Muna roƙon a buɗe mana faɗin jirgi.

"Nan ma ana mutuwa," in ji shi. "Ka ga sabuwar ƙasa a kan tudun can? Abin da ke bayan zanan nan shi yaran garin nan za su ci har rani. In na buɗe, rabi ya tafi kogi. In buɗe wa wa? Wanda ya mai da ni kututture a gaban mutanena?"

"Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Ibada yake. Mai salla ai ba ya amsa sallama."

"Ibada? A zaune, da malafa a ka, da takalmi a ƙafa? Sale, ni za ka koya wa ibada? Ka juya da shi. In kuwa aka tambaye ni a gari, zan faɗi abin da ya yi."

Na san abin da wannan ke nufi. Na dubi rana, ta yi sama. Ko mun juya yanzu mun bi kogi, gawa za mu tarar. Na waiwaya na ce, "Fada, don Allah, kalma ɗaya. Ka ce lafiya kawai."

Ashe ya ji abin da Bulama ya faɗa. Ya cire malafar ya ajiye a kan akwati. Sai ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmi da hannun hagu, don na dama bai bar ƙirji ba. Takalman nan masu tsawo ne, igiyar ta jiƙe. Ya daɗe yana fama. Ya cire, ya cire safa. Ƙafafunsa farare kamar rogon da aka ɓare. Ya zura su cikin laka, ya tako a hankali har gaban buzu, ya durƙusa kamar yadda na durƙusa, ya sa kai ƙasa.

Ku ba za ku gane ba. A zamanin nan, in ka hango Bature daga nesa kai ke sauka daga kan jaki, kai ke tuɓe takalmi. Ba wanda ya taɓa ganin an juya abin.

Bulama ya miƙe zumbur har ya taka rigarsa.

"Subhanallahi! Sale, tashe shi! Tashe shi, na ce!"

"Ranka ya daɗe, yau ban isa in taɓa shi ba."

"In labari ya kai gari cewa na durƙusar da Bature a cikin laka, ina zan sa kaina? Bature, tashi! Don girman Allah, tashi!"

Fada bai tashi ba. Matsattsaku ya riga ya kama shi a idon sawu, jini na bin laka.

Wani tsoho mai carbi, limamin garin ne, ya ce, "Bulama, ni dai ban taɓa ganin wanda ya zo raini ya yi haka ba. Akwai abin da ya ɗaure masa baki. Kuma mai banda ya taɓa ciyar da mu."

Bulama ya tsaya yana duban shingen. Ya dubi mutanensa. Ba wanda ya ce masa buɗe, ba wanda ya ce kar ka buɗe.

"Faɗin jirgi," ya ce. "Ko tafin hannu kar ku ƙara. Kai kuma, ɗan gidan Garba, za ka dawo ka ɗaure shi da hannunka."

Maza suka shiga ruwa suka tumɓuke turaku, suka naɗe zana. Ina tura jirgi ina jin kifi na dukan cikinsa daga ƙasa. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, suna fita kamar an kora su. Wani ya tuɓe riga ya baza a ruwa yana tarewa. Wani ya tsaya a bakin kafar ya buɗe ƙafafu da hannuwa, suna bi ta tsakaninsu. Ba wanda ya zage mu. Da sun zaga da ya fi mini sauƙi.

Daga nan ban san yadda na yi tuƙin ba. Tafin hannuna ya fashe. Fada na zaune ba takalmi, idonsa a rufe, leɓensa na motsi.

Rosa na bakin ruwa. Da ta ga hannunsa a ƙirji ita ma ba ta gaishe shi ba. Ta durƙusa a cikin laka, ta miƙe, ta wuce gaba da kyandir a kunne da rana tsaka. Suka shiga ɗaki. Ni na tsaya a waje wurin tukubar banda. Ina jin muryar Fada ƙasa-ƙasa. Can sai na ji wata muryar, kamar ana jan busasshen kara a ƙasa, tana amsawa. Mika'ilu ne. Mun same shi.

Da Fada ya fito, kalmarsa ta farko ita ce, "Sale, ruwa." Na ba shi. Ya sha, ya dubi hannuwana, ya ce, "Sannu da aiki."

Kafin la'asar Mika'ilu ya cika. Washegari aka binne shi a kan tudu. Musulmin tsibirin ne suka haƙa kabarin, don babu wasu mazan.

Da za mu koma, babban kogi muka bi, ruwa na tura mu. Ba mu nemi a sake buɗe komai ba. Da muka zo daidai ƙauyen Bulama Gambo, na ga mata a cikin ruwa har ƙugu suna tsinkar bado. Ba a fara cin bado da wuri haka sai abu ya ɓaci. Na ɗaure jirgi a bakin shingen. An mayar da shi, amma ɗaurin gaggawa ne, yana yoyo.

Bulama na nan a gindin kanya. Fada ya sunkuya zai kama igiyar takalmi.

"Sale, ce masa ya bar takalmin nan a ƙafarsa, in yana son zaman lafiya."

Fada ya tako ya tsaya a gabansa, malafa a hannu. Sai ya fara. Barka da hantsi, wannan karon daidai. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya gida. Yaya iyali. Yaya yara. Yaya masu jiki. Yaya ruwa. Yaya haƙuri da waɗanda aka rasa. Duk gaisuwar da ya koya tun zuwansa ƙasar nan sai da ya zazzage ta, har da ta masu dawowa daga kasuwa. Bulama kuwa ya kafa wa kogi ido. Ko ƙifta bai yi ba.

Fada ya ƙare. Ya sake ɗaukowa daga farko. Gumi na zuba daga haɓarsa. Mazan gari suka sunkuyar da kai. Ni ina tsugune, ina cewa a raina shi ke nan, ƙarar za ta tafi gari.

Sai da ya kai ƙarshe karo na biyu, ya rasa abin faɗa, ya tsaya. Bulama ya bari shirun ya yi tsawo. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce:

"Dogari."

"Ranka ya daɗe."

"Gaya masa an gaishe shi."

Limamin garin ne ya fara dariya, sauran suka kama. Na juya na ce, "An gaishe ka, Fada."

Ya ce, "Na gode."

Bulama ya nuna mini tulin zana da igiyar kaba a gefe. Na tuɓe riga na shiga ruwa.